Kabeji Buhu Arba'in

Mijin yayata, tun da na san shi, bakinsa bai taɓa furta "ban sani ba" ko da cikin mafarki. Ka ce haƙorinka na ciwo, likita ne. Ka ce rediyonka ya daina magana, injiniya ne. Ranar da na yi gangancin barinsa ya duba min injin ban ruwa, kwana biyu na yi ina tsintar kusoshi a cikin ciyawa. Shi da bakinsa ya raɗa wa kansa suna Ƙwararre, mu kuwa muka karɓa hannu bibbiyu, don ko taro muka kira a kan yadda za mu zage shi, ba za mu samo sunan da ya kai wannan ba.

Ni ne mai injin da ke ba lambun ƙungiyarmu ruwa. Filaye goma sha biyu ne a jere a bakin rafi, na Yaya da mijinta shi ne na huɗu. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi, ba labari aka ba ni ba.

Shekara uku a jere tumatir yana mutuwa a lambun nan. Zai tashi kore shar, ya yi fure, ya fara 'ya'ya, sai rana ɗaya ka zo ka tarar ya sunkuyar da kai. Kwana uku ya bushe a tsaye. Mun yi feshi har mun gaji, daga baya aka ce mana ciwon ba a ganye yake ba, a cikin ƙasa yake zaune.

Kowa ya yi asara, amma ta Yaya daban ce. Innarmu, Allah ya jiƙanta, ta bar mana wani irin tumatir da ba a samunsa a shago, mai kaurin fata, mai nama, wanda zai yi mako guda a kwando bai fashe ba. Shekara talatin tana zaɓar 'ya'yan da suka fi kyau, ta matse, ta wanke, ta shanya a kan farin ƙyalle. Da ta rasu Yaya ta ɗora. To ga shekara uku ba a tsinki ko ɗa ɗaya nunanne ba, abin da ya rage sai ƙulli ɗaya a cikin gwangwanin madara. Iri kuma tsufa yake yi. Bana ko dai a shuka shi ya ba da sabo, ko kuma ya ƙare daga shi.

Ana cikin haka Shugaban ƙungiya ya tara mu ya ce za a yi bita ta kwana biyu a kan turara ƙasa, ana son mutum ɗaya daga cikinmu. Bai rufe baki ba Ƙwararre ya miƙe yana kakkaɓe wando. Babu wanda ya zaɓe shi. Kowa dai yana da aikin yi ne ban da shi.

Ranar farko, tun rana ba ta yi sanyi ba, sai ga shi ya dawo da sabuwar hular hana sallah da takardu a hammata.

Mai Albasa, maƙwabcinsa na fili na biyar, ya ɗago daga cirar ciyawa ya ce, "A'a, ba kwana biyu aka ce ba?"

"Kwana biyu na masu nauyin kai ne. Ni kafin a kawo abincin rana na gama da su. Har kuskure biyu na gyara wa malamar."

"Gobe me za a koyar?"

Ya duba takarda ya yi tsaki. "Wai abin da za a kiyaye bayan an yaye leda. Ka ji fa. Da girmana a zaunar da ni a koya min yaye leda."

Nan ya hau kan bututun injina, ba tare da ya nemi izini ba, ya yi mana bayani. Turara ƙasa iri biyu ce. Akwai ta magani mai guba, wadda sai mai lasisi ake ba, shi kuma sun hana shi saboda hassada. Akwai kuma ta ganyen kabeji: a daddatsa shi ƙanana, a binne a fili, a ba shi ruwa, a lulluɓe da leda a toshe ko'ina har mako huɗu. Tururin da ganyen ke fitarwa in yana ruɓewa shi ke kashe ciwon. Wannan kam gaskiya ya faɗa, na tambaya daga baya.

Na ce, "Buhu nawa malamar ta ce a sa wa fili kamar naku?"

"Ita shida ta ce. Ni arba'in zan sa."

"Arba'in?"

"Mai Inji, kai dai tsaya a kan ruwanka. Ciwon shekara uku ba a yi masa maganin wasa. Zan kuma ƙara da kashin kaji, wannan nawa ne, babu shi a takardarsu."

Washegari ya tafi kasuwar kayan gwari ya kwaso duk ganyen kabejin da masu sayarwa suka ɓare suka zubar, da mai kyau da wanda ya fara yauƙi. A baro ya riƙa jigilarsa. Sawun farko akuya ɗaya ce ta biyo shi. Sawu na uku duk awakin Gwaggo, su goma sha ɗaya, suna bayansa a layi, wata ma ta ɗare cikin baron tana ci yana tura ta. Gwaggo tsohuwa ce da gidanta ke bakin hanyar lambun, ba ta da aiki sai awakinta da bakinta.

"Gwaggo, ki kama dabbobinki! Magani suke cinye min!"

"Ni ban aike su ba, ɗan nan. Kai ka fito da liyafa kan titi."

"Wannan kayan kimiyya ne!"

"To ka gaya musu mana. Ni ban iya yarensu ba, kai ne ka iya komai."

Da aka zo datsa, buhu uku ya yi da adda hannunsa ya yi kanta. Sai ya ce ai datsa da hannu aikin mutanen da ne. Ya baza kabejin a kan busasshiyar hanyar da ke gefen magudanar ruwa, ya hau babur ɗinsa ya fara kai da komo a kai. Zuwa na farko lafiya, har yana ɗaga mana hannu. Zuwa na uku kabeji ya zama santsi, babur ya yi gabas, Ƙwararre ya yi yamma, sai ƙarar faɗawarsa cikin magudana muka ji. Ya fito tsamo-tsamo da ganye manne a kunne.

Ya ce, "Gwada laushinsa nake. Ya kai yadda ake so."

Mai Albasa ya ce, "Ƙara gwadawa sau ɗaya don Allah, ban gani da kyau ba."

Ledar ma labari ce. An ce faffaɗa guda ɗaya marar huji. Na miƙa masa igiyar awo, ya ce idonsa ya fi ta daidai. Ya je ya sayo, aka shimfiɗa, ta rufe kashi biyu cikin uku ta tsaya. Maimakon ya koma shago a ga ya yi kuskure, sai ya shiga gida ya kwaso ledar teburin Yaya, da labulen banɗaki, da rigar ruwansa, ya liƙe su da salatif. Na ce a fara binne gefen da iska ke bugowa. Ya ce iska ba ta tashi sai bayan la'asar, ya karanci yanayinta. Kafin ya ƙarasa kalmar iska ta shiga ƙarƙashin ledar ta cika ta. Duk muka saki, shi ya ƙi saki. Ta ja shi a guje ta ratsa da shi ta tsakiyar albasar maƙwabcinsa, kwami shida, yana ihu a tare shi.

Mai Albasa bai tare shi ba. Tsayawa ya yi yana ƙirga kwamin da aka tattake masa da ƙarfi, don kowa ya zama shaida.

An dai samu an rufe. Ƙwararre ya zagaye filin da igiya, ya kafa kujera, ya rataya usur a wuya, ya ajiye bahon ruwan magani a bakin shiga. Duk wanda zai wuce ta gefen sai ya tsoma ƙafa, ko da ba filin zai shiga ba. Ni da nake jan tiyo ta nan sau goma a yini, sai da tafin ƙafata ya fara saɓulewa.

Kwana biyar ledar ta fara kumbura. Kwana bakwai wari ya tashi. Ban san yadda zan kwatanta muku shi ba, kuma ba na so in tuna. Mutane suka koma aiki da tsumma ɗaure a hanci. Awakin Gwaggo da kansu suka canza hanya.

Mai Albasa ya ce, "Shekara ashirin ina cikin albasa ban yi hawaye ba. Yau ka sa ni."

Ƙwararre ya shaƙi iska har cikin ƙirji, idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya daure ya ce, "Wannan da kuke ji mutuwar ƙwayoyin cuta ce. Ku gode min."

Ranar ta tara Shugaba ya zo da ƙorafin mutane, da 'yan kwamiti biyu a bayansa. Shugaba mutum ne mai son doguwar magana, amma ranar daga nesa ya tsaya ya ce a taƙaice ledar nan tana yoyo.

"Yoyo? Ledar da ni na liƙe? Ranka ya daɗe, warin nan daga wani wuri yake. Tsaya ka gani."

Ya tuɓe takalmi, ya tsoma ƙafa a bahonsa, ya hau kan kumburin yana takawa, yana tsalle kaɗan-kaɗan don a ga ƙarfinta. Ya taka ledar shago, ta riƙe. Ya taka ledar tebur, ta riƙe. Ya taka labulen banɗaki. Abin ya yi wata irin ajiyar zuciya mai tsawo, Ƙwararre ya nutse har cinya. Tsuntsayen da ke kan bishiyar bakin rafi suka tashi gaba ɗaya. Shugaba ya tattare rigarsa ya zura da gudu, ban taɓa sanin yana da sauri haka ba. Babu wanda ya yarda ya miƙa hannu, da tiyo na jawo shi, sannan na bi shi da ruwan injin daga nesa.

Kwana uku ta taga Yaya take miƙo masa abinci.

Ita kuwa duk wannan hauka da ake yi, aikinta take. Ta samo rabin duro, ta cika shi da ƙasa mai damshi, ta rufe, ta hura wuta a ƙarƙashi har ƙasar ta turaru ta huce. Ta zuba a kwalayen ƙwai, ta kwance ƙullin Inna ta shuka shi ƙwaya-ƙwaya, ba ta bar ko ɗaya a gwangwanin ba. Guda ɗari da tamanin suka tsiro. Kullum da safe sai ta ƙirga su.

Ta ce da mijin, ina zaune, "Malam, rabi zan ba ka ka kai fili. Rabi zan dasa a buhuna nan tsakar gida, da ƙasar da na dafa."

"A buhu? Kina matar Ƙwararre ki dasa tumatir a buhu kamar marar gona? Me mutane za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama. Irin Inna ne, babu wani bayansa."

"Wato ba ki yarda da aikina ba."

"Na yarda da shi rabi," in ji ta. "Shi ya sa na ba ka rabi."

An dai liƙe inda ledar ta ɓarke. Mako huɗu suka cika aka yaye leda, aka bar ƙasa ta sha iska. Ƙwararre ya ɗebi ƙasar a hannu ya murza, ya girgiza kai ya ce ta rame, magani ya bugar da ita, tana bukatar abinci. Kwana biyu yana jigila daga bayan gidansu da baro, an lulluɓe shi da buhu an ɗaure. Sawu ashirin na ƙirga. Kowane sawu sai ya tsaya ya wanke ƙafarsa da tayar baron a baho kafin ya shiga.

Na ce, "Mene ne a ciki?"

"Sirrin sana'a. Ranar da duniya ta zo kallo za ka ji."

Na ɗauka takin shanu ne yake yi wa wannan ɓoyo, na rabu da shi. Har yau ina jin haushin kaina da ban ɗaga buhun nan ba.

A makon ne 'yarsu ta fari ta haihu a asibiti, Yaya ta tafi ta kwana biyu a wurinta. Da na iso lambu da safe na tarar Ƙwararre ya riga ya gama dashe, yana wanke hannu yana fito. Na ƙirga layukan, na sake ƙirgawa. Ɗari da tamanin cif.

"Ba rabi ta ce ba?"

"Mata ba su san lissafin fili ba. Kunna inji."

Na kunna, don in ban ba su ruwa ba a ranar za su mutu. Da Yaya ta dawo ta tarar da kwalayen ƙwai babu komai, ta zo lambun da mayafinta na asibiti, ta tsaya a bakin igiya.

"Duka?"

"Duka. Za ki gode min."

Ta daɗe tana kallon shukar. Sannan ta juya ta tafi gida.

Gaskiya ɗaya zan faɗa ko da ba ta yi min daɗi ba: mako shida tumatirin nan ya yi kyan da ban taɓa gani ba. Kara ya yi kauri, ganye ya yi duhu, fure ya rufe shi, 'ya'ya suka fara sauka. Har Yaya ta fara murmushi in ta zo. Shi kuwa Ƙwararre ba a magana. Ya kafa allo ya rubuta Gonar Gwaji. Ya daina amsa sallama sai an haɗa da sunansa. In ya ga mutum na wucewa da fartanya sai ya tare shi ya gyara masa riƙo. Daga ƙarshe ya aika wa malamar gona da ta koyar da su takarda, ya gayyato ƙungiyoyin lambu biyu na maƙwabta, ya ce ranar Alhamis kowa ya zo ya ga yadda ake yi.

Ranar Litinin da rana tsaka ina jan tiyo na ga kai uku sun sunkuya. Na san wannan sunkuyon.

"Ƙwararre, zo ka gani."

Ya leƙa. "Barcin rana suke. Shuka mai lafiya tana hutawa."

Da yamma suka miƙe, ya bi ni har wurin inji yana min dariya. Talata guda ashirin suka kwanta. Ya ce ƙishirwa ce, in sakar masa ruwa. Na ce in ciwon nan ne, ruwa ɗaukarsa zai yi daga kwami zuwa kwami. Ya ce shi ya je bita ko ni? Ya fasa bakin kwamin da kansa, ruwa ya malale filin daga farko har ƙarshe. Laraba rabin fili ya kwanta, kuma da yamma ba duka suka tashi ba.

Da mai hankali ne, da ya aika a ɗage taron. Ƙwararre zaren ɗinki ya sayo. Ya yini yana kafa tsinke yana ɗaure ganye ɗaya-ɗaya don su tsaya. Ya bi gida-gida ya aro lema bakwai ya kakkafa a inda abin ya fi muni. Sannan ya aika a gaya wa kowa an dawo da taro ƙarfe bakwai na safe, saboda ya lura da sanyin safiya shukar tana ɗan ɗago kai.

Alhamis ƙarfe bakwai mutum ya kai sittin a bakin igiya, kowa an sa shi ya tsoma ƙafa a baho. Daga nesa filin ba laifi, in ba ka matsa ka ga zare ba. Yaya na gefe a tsaye, ta riga ta gani tun jiya, fuskarta ba yabo ba fallasa. Malama ce ba ta iso ba. Ta aiko cewa tana da gonaki biyu a gabanmu, a ɗan jira ta.

Ƙwararre ya dubi rana, ya dubi hanya, ya hau kujera ya fara jawabi don ya riƙe mutane, bayansa na ga filin. Ya fara daga yarintarsa. Ƙarfe tara yana kan yadda ya gyara wa malama kuskure. Ƙarfe goma rana ta fara cizo, layin farko ya sunkuya. Goma da rabi na biyu da na uku suka bi. Zare ya riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka daina kallonsa suna kallon bayansa, shi kuwa ya ɗauka jawabin ne ya kama su, ya ƙara murya.

Mai Albasa ya ce, "Ci gaba, Ƙwararre, kar ka tsaya. Har tumatirin ya sunkuyar da kai yana saurare."

Ya waiga. Daidai nan babur ɗin malama ya tsaya.

Mace ce gajera marar son ɓata lokaci. Ta dubi lemomin, ta dubi zaren, ba ta tambayi dalilinsu ba. Ta ciro reza ta yanke kai ɗaya daga gindi, ta sa aka kawo mata ruwa mai tsabta a kofin gilashi, ta tsoma bakin karan ta riƙe shi a sama yadda kowa zai gani. Ba a yi minti uku ba wani farin abu ya fara zubowa daga karan, siriri kamar zaren madara.

Ta ce, "Ga shi nan. Ciwonku ne na bara."

Ƙwararre ya sauko daga kujera. "To ai dama na yi zargi. Irin ne. Irin tsofaffi ne na gargajiya, da ciwonsa ya zo."

Ban san lokacin da na jefar da tiyo ba. Mutum biyu ne suka riƙe ni. Uwata shekara talatin tana tsince irin nan da hannunta, wai yau mai iyo a cikin kabeji ne zai kira shi mai ciwo.

Malama ta tambayi wanda ya yi renon dashen. Yaya ta matso ta faɗi yadda ta yi, da duron da wutar da kwalayen ƙwai. Malama ta gyaɗa kai ta ce ko ita iyakar abin da za ta yi ke nan, dashen da tsabtarsa ya zo. Ta juya ga Ƙwararre.

"Kai ne wanda ya tafi tun ranar farko, ko?"

"Na riga na fahimta ne, Malama."

"Buhu nawa ka sa?"

"Arba'in."

Ta rufe ido ta buɗe. "To ko dutse ne a ƙasar nan ya ji jiki. Bayan ka yaye leda, me ya shiga filin?"

"Ko ƙuda bai shiga da ƙafa mai datti ba. Ga baho nan, tambayi kowa."

"Taki fa?"

Nan fuskarsa ta washe. Ya ga ƙofar da zai dawo da martabarsa, ya gyara hula ya juya ga jama'a.

"Yawwa, yanzu kika zo wurin. Dama yau na yi niyyar bayyanawa. Ku kuna ba tumatir kashin shanu, shanu tumatir ne? Ni na zauna na yi tunani: babu abin da ya san bukatar tumatir kamar tumatir. Shekara uku duk kan da ya bushe ina tuge shi da saiwarsa da ƙasarsa, ina tarawa a rami bayan gida. Shi na dawo wa filin da shi, baro ashirin."



Shugaba ya ce a hankali, "Ba mun yi doka a ƙone su ba?"

"Almubazzaranci ne, ranka ya daɗe. Har naku da kuka tara za ku cinna wa wuta na bi na kwashe, fili goma sha biyu. Ko sannu babu wanda ya ce min."

Gwaggo ce ta fara dariya, irin ta tsofaffi mai haɗe da tari, daga nan wuri ya ɓarke. Baƙin da aka gayyato har da masu zama a ƙasa. Mai Albasa ya riƙe ciki yana cewa a taimake shi, ashe shekara uku yana zargin awaki da kwashe masa tarin kara.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Abin da aka koyar rana ta biyu ke nan, awa uku cur. Ka share gida, ka kori kowa, mai amfani da marar amfani, sannan ka je ka ɗauko ɓarawon a baro ka wanke masa ƙafa ka shigo da shi. Da ka bar ƙasar yadda take bayan leda, da wataƙila yau kwanduna ake nema. Yanzu filin nan shekara huɗu kar ya ga tumatir, ko barkono, ko gauta. A tuge komai a ƙone. A ƙone, na ce, ba a ajiye ba."

Ƙwararre ya buɗe baki ya rufe. Tun da yayata ta aure shi ban taɓa ganin haka ba, amma ban samu jin daɗinsa ba, don idona na kan Yaya.

Ta tsallake igiya, ta wuce bahon ba ta ko kalle shi ba. Ta bi layi ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga yausassun ganye tana dubawa. Mutane suka daina dariya suka zuba mata ido. Ta daɗe. Da ta fito, ɗanyun tumatir tara ne a bakin mayafinta, kore shar, mafi girman da ta samu a fili duka.

"Malama, waɗannan za su ba da iri?"

Malama ta ɗauke su ɗaya-ɗaya tana latsawa, tana duba gindinsu. Ta ware biyar ta ce ba su ƙosa ba. Ta mayar mata da huɗu.

"Waɗannan, in aka ajiye su a inuwa suka nuna da kansu, wataƙila. Kar a matsa musu. Ban yi miki alkawari ba, Yaya."

Aikin Inna na shekara talatin ke nan, guda huɗu a tafin hannu biyu. Na kau da kai ina duban injina.

"Huɗu? Ai sun isa!" Muryar Ƙwararre ce, har ta dawo da ƙarfinta. Ya matso ya miƙa hannu. "Kawo nan. Akwai wata dabara da na sani ta nunar da tumatir cikin yini ɗaya. Toka mai zafi ake samu, sai a haɗa da..."

Yaya ta wuce ta gefen hannun kamar reshen bishiya ne. Ta zo ta sa min su a aljihu, biyu dama biyu hagu, ta danna bakin aljihun da yatsa.

"Auta, kai su gidanka. In ya zo gaishe ka, ku gaisa a waje."

Har muka wuce filin Mai Albasa hannunsa na nan a miƙe.